Ziyarar Yini Ɗaya a Tsofaffin Birane: Amsoshin Tambayoyinku

Tun da sanyi ya fara shigowa saƙonni suke ta zuwa a kan magana ɗaya. Ƙungiyoyin unguwa, na mata, na matasa da na tsofaffin ma'aikata suna son su ware yini guda su je su ga tsofaffin biranenmu, kuma kusan kowa damuwarsa ita ce inda ya kamata ɗan kuɗin da aka tara ya tafi. Na ji daɗin wannan sha'awa ƙwarai, domin wuraren nan suna bukatar masu zuwa. Ga waɗanda na zaɓo a wannan makon.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ma'ajiyar wata ƙungiyar matan unguwa a Kaduna, mu 28 ne. Mun daɗe muna zubi don mu fita yawon buɗe ido na yini ɗaya. Yanzu kai ya rabu. Wasu sun ce tunda an fito a haɗa Kano da Katsina da Daura gaba ɗaya, wasu kuma sun dage sai an fitar da anko da babban ƙyalle mai sunan ƙungiya saboda hoto. Kuɗin hannuna ba zai ɗauki duka ba. Me za mu yanke?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya taya ki riƙon amana. Mu fara da lissafin hanya, don shi zai raba gardamar farko. Daga Kaduna zuwa Kano wajen kilomita 230 ne, daga Kano zuwa Katsina wajen 170, daga Katsina zuwa Daura wajen 80. In kika haɗa da dawowa, tafiyar ta haura kilomita 800. Ke nan za ku wuni a cikin mota, ku sauka ko'ina na ɗan mintoci, sannan dare ya riske ku a hanya da mata 28. Ba a tauna taura biyu a lokaci ɗaya, balle uku. Ku zaɓi gari ɗaya.

Tunda wannan ce fitarku ta farko, ni Zariya zan zaɓa muku. Wajen kilomita 80 ce daga Kaduna, kuna iya karyawa a gida ku isa da hantsi. Mutanen Kaduna sun saba ratsa Zariya a kan hanya, har sun manta cewa a bayan Ƙofar Doka akwai birnin da ya isa a wuni ana kallo. Babban abin da nake so ku gani shi ne tsohon masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Daga waje ginin siminti za ku gani, domin a shekarun 1970 an kewaye tsohon da sabon gini, amma a ciki aikin ƙasa na asali yana nan: ginshiƙai masu kauri, da bakan gizo da aka ɗaure da azara yana riƙe da rufin. Masana gine-gine daga ƙasashen waje sun yi rubuce-rubuce a kansa, mu kuma da yawanmu ba mu taɓa ɗaga kai mun dube shi ba. Tunda masallaci ne, ku aika a nemi izini tun kafin ranar, ku je a lokacin da ba na salla ba, kuma ku kauce wa ranar Juma'a. Daga nan ƙofar fadar Sarkin Zazzau tana kusa, da zanenta na bango mai launi. Bayan azahar ku fita Wusasa, a gindin dutsen Kufena, ku ga cocin da aka gina da ƙasa a 1929 bisa salon ginin Hausa, a garin da Janar Yakubu Gowon ya tashi. Wuri uku ke nan, da ragowar ganuwa da ake danganta wa Sarauniya Amina da za ku riƙa gani a hanya. Ya ishe ku.

Maganar anko kuwa, a jerin abin da za a kashe wa kuɗi shi ne na ƙarshe. Da ni ke riƙe da jakar, mota mai lafiya zan fara biya. Sai kuɗin shiga wurare da ladan wanda zai zagaya da ku yana bayani. Sai ruwa da abinci. Sai in ware kashi ɗaya cikin goma in ɓoye saboda abin da ba a zata ba, kamar faci ko wata ta kamu da ciwon kai. Abin da ya rage in raba wa kowa a hannu ta yi tsaraba, don Zariya gari ne na aikin riga da hula. Masu son anko suna da hujja guda mai ƙarfi, wato a riƙa gane juna a cikin taro. Wannan ana samunsa ba tare da an sayi komai ba: ku yanke cewa kowa ta zo da mayafi ko hijabi mai launi ɗaya daga cikin waɗanda take da su a gida. Hoto zai yi kyau, kuma wadda ta yi baya za a hango ta.

Ki rubuta duk abin da aka kashe, ki karɓi rasit inda ake bayarwa, ki karanta wa 'yan ƙungiya a zama na gaba. Ku kuma yanke tun yanzu ko wadda ta fasa tafiya a ranar za a mayar mata da kuɗinta, don irin wannan ƙaramar magana ce take ɓata zumunci.

Tambaya: Malam, ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu a Dutse. Za mu Kano, mu 30. Wani abokinmu ya ce zai samo mana bas biyu ƙirar Hiace a farashi mai sauƙi, amma a tasha an ce mana shatar Coaster ɗaya ta fi tsada sosai. Wanne ya fi?

Amsa: Ƙanena, kafin ka tambayi farashi ka tambayi motar da direbanta. Araha ba ta ado, kuma a nan rayuka 30 ake magana.

Ka je da kanka ka ga motar da rana, kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, tare da wani da ya san mota. Ka duƙa ka dubi tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna lokacin da aka yi ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗin cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da yin ta, ko da zanenta bai cinye ba, kuma tsohuwar taya a kan kwalta mai zafi da kaya mai nauyi ita ce take fashewa. Ka duba safaya da jak, ka sa a taka birki, a kunna fitilu, ka ga lasin ɗin direba da takardun mota. Ka ƙirga kujeru da idonka. In mutum 30 za su shiga Hiace biyu, kowa ya sami mazauni nasa, ban da ɗosana wani a kan injin ko a bakin ƙofa.

In motocin duka sun ci wannan jarrabawa, Coaster ɗaya ta fi mini. Kuna tare, ana yin bayani sau ɗaya kowa ya ji, ana ƙirga kai sau ɗaya, kuma babu direbobi biyu da za su riƙa tsere da juna a hanya, abin da na fi tsoro a tafiyar matasa. Aibinta ɗaya, ba ta shiga lungunan cikin birnin Kano. Sai ku aje ta a wuri mai fili, ku ƙarasa da ƙafa ko adaidaita sahu.

Amfanin ɗaukar shata a tasha ko a kamfanin sufuri na jiha shi ne akwai wanda za a riƙe in an sami matsala, kuma in mota ta lalace suna iya turo wata. Motar aboki ba ta da wannan, ga kunya da za ta hana ka yin magana in ka ga abin da bai yi maka ba. Ko wacce ka ɗauka, a rubuta yarjejeniya: ƙarfe nawa za a tashi, wuraren da za a tsaya, wa zai sha mai, wa zai ciyar da direba, ƙarfe nawa za a juyo. Kada kafin alƙalami ya wuce rabi. Ka gaya wa direba tun a gida cewa dokar hanya ta ba motar haya kilomita 90 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, kuma ku ba sauri kuke ba. A rubuta sunan kowa da lambar wani nasa, a bar kwafe ɗaya a wurin mai unguwa ko wani dattijo. Ku tashi bayan asuba, ku shigo gida kafin magariba.

Tambaya: Malam, mu tsofaffin ɗalibai ne na wata sakandare, za mu haɗu a Kano mu zaga. Wasunmu sun ce biyan ɗan jagora asarar kuɗi ne tunda komai yana cikin waya. Kuma ta ina za mu fara?

Amsa: Ɗan'uwa, a duk kuɗin da za ku kashe ranar, wanda kuka ba mai bayani shi ne zai fi yi muku amfani. Waya za ta gaya muku cewa Muhammadu Rumfa ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Ba za ta tsayar da ku a cikin soro ta nuna muku yadda aka jera azara, ko ta amsa tambayar da ta faɗo wa ɗayanku a nan take ba. Mutum 20 da suka zo suka tsaya gaban katangar ƙasa ba mai bayani, cikin minti biyar za su koma hira da ɗaukar hoto.

Inda za ku nemi mai bayani shi ne abin lura. Ku nemi ma'aikatan wurin. Gidan Makama yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, Gidan Ɗan Hausa kuma nan ne mazaunin hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano, duka suna da mutanen da aikinsu ke nan. Ku tura mutum ɗaya mako guda kafin ranar ya tambayi kuɗin shiga na rukuni, da ko akwai kuɗin ɗaukar hoto, da ranakun da ake buɗewa, ya kuma nemi a ware muku wanda zai raka ku. Ku yanke abin da za ku ba shi tun farko, in ya gamsar da ku ku ƙara masa. A marina da kasuwa kuwa, masu sana'ar su ne malamai, sai a ba su goro mai kauri.

Ga yadda zan tsara yinin. Ku hau Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi. Daga samansa za ku ga Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da yadda tsohon birni ya kwanta, sai duk abin da za ku gani daga baya ya sami mazauni a kanku. Ku sauko Gidan Makama, gidan da aka gina wa Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, ku ba shi awa biyu cur. A nan za a bi da ku tarihin garin daki-daki, tun daga ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12 har zuwa shigowar Turawa a watan Fabrairun 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Gidan Rumfa, wato fadar Sarkin Kano, yana nan kusa, kuna iya tsayawa a Ƙofar Kudu. Shiga ciki sai da takardar neman izini tun da wuri, kuma gida ne da ake zaune a cikinsa, don haka a gaida dogarai, a cire takalmi inda aka ce, kada a ɗaga waya sai an tambaya. Bayan azahar ku je marinar Ƙofar Mata. In da sauran ƙarfi, ku rufe da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Na bar kasuwar Kurmi da gangan. In kun shige ta da rana tsaka, sauran tsarin ya rushe. Ku sa ta a ƙarshe a madadin Gidan Ɗan Hausa, ko ku ware mata wata ranar.

A hanya ku sa direba ya rage gudu a inda badala ta rage. Za ku ga yadda aka cinye ta da gine-gine da ɗiban ƙasa. Yana da kyau mutanen da suka yi karatu su ga wannan da idonsu, don a cikinku akwai masu faɗa a ji.

Tambaya: Malam, ni malamin Islamiyya ne a Kazaure. Iyaye sun tara kuɗi don mu kai ɗalibai ziyara. Wasu iyayen sun ce kada a kai yara Dala ko rijiyar Kusugu, wai wuraren tsafi ne. Ni kuma ina ganin tarihi ne. Mu cire su daga tsari?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, kada a cire su, amma a saurari iyayen, domin tsoronsu daga kishin tarbiyya ya fito. Abin da zai kwantar musu da hankali shi ne su san wa zai yi bayani da kuma yadda za a jera wuraren.

Gaskiya ne tarihin Kano ya ce a Dala Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura. Gaskiya ne kuma masana sun sami alamun narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, wato kakanninmu maƙera ne masu fasaha tun kafin a san sunan Bagauda, sarkin Kano na farko. Yaron da ya tsaya a kan dutsen ya ji wannan, sannan aka gangaro da shi Madabo aka ce masa nan ce unguwar da ake danganta wa Wangarawa, malaman da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, sannan aka wuce da shi Sharifai aka ba shi labarin zuwan Shehu Maghili zamanin Rumfa, aka ƙare a babban masallaci, wannan yaro ya ga yadda Musulunci ya shigo ƙasarsa ya kafu, da ƙafarsa ya taka hanyar. In aka cire Dala, an cire farkon labarin, sai ya zama yaro bai san daga me aka fito ba, balle ya san darajar abin da aka samu. Ku ne kuka fi ni sanin ayoyin da suka yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance.

Kusugu ma haka. Daura tana kusa da ku, kuma a nan labarin Bayajida da macijiya da Daurama yake, wanda duk ɗan firamare ya haddace. Ku gaya wa yara cewa labarin kaka da kakanni ne da ake bayarwa kan asalin Hausa Bakwai, masana tarihi suna tattaunawa a kansa, rijiyar kuma rijiya ce. Akwai masu ɗiban ruwanta da niyyar neman waraka, sai ku yi wa ɗalibai bayanin matsayinku tun a mota. Ku gayyaci biyu daga cikin iyayen da suka fi nuna damuwa su raka ku, kuɗin kujerarsu a kan makaranta. Kowane babba ɗaya ya riƙe yara kamar takwas, kuma a kan Dala a hana guje-guje kusa da gefe.

Tambaya: Yaya, ƙungiyarmu ta masu ɗinki za ta je Kano daga Gusau, mun kwana biyu muna shiri, kuma za mu kwana a can. Ina son in sayo rinin gargajiya da jakar fata na gaske, ba na kanti ba. Yaya zan gane? Sannan wata ta ce a Kurmi ana samun tsofaffin kayan tarihi da araha, har da takubba da littattafan hannu.

Amsa: Ƙanwata, kun kyauta da kuka yanke kwana, don hanyarku ba ta bi da yamma ba ce. Ku tambayi direbobin tasha halin da take ciki a ranar da za ku tashi.

Rini dai ki saya a bakin marina, a hannun wanda ya rina. Masu marinar Ƙofar Mata suna kai tarihinta zuwa 1498, kuma har yau da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan, a bar shi ya kwana kwanaki ya nuna. Ki tsaya ki kalli yadda ake tsoma zane: yana fitowa da ɗan kore-kore, iska tana bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonki, a sake tsomawa, a sake ɗagawa. Yawan tsomawa ne yake sa duhun launi, shi ya sa mai duhu sosai ya fi tsada, kuma ya cancanta. Rinin baba yana da warinsa na daban, yana kuma ɗan zuba a hannu da farko, kamar yadda turkuɗin Kura yake shafa shuɗi a jikin Buzayen da suke naɗa shi. Amma zuba kaɗai ba shaida ba ce, don rinin kanti ma yana zuba, shi ya sa na ce ki saya inda kika ga ramin da mutumin. A zanen ƙulli ki duba: aikin hannu ba ya fitowa daidai wa daida, kuma launi yana ratsa fuska biyu. In bayan zanen ya yi fari-fari, bugun inji ne. Ki leƙa wurin masu bugu a gefe, inda ake dukan zane da mabugi har ya yi ƙyalli. In kin koma gida ki wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, ki shanya a inuwa.

Za ki ga ramuka da yawa a bushe ba mai aiki a kansu. Wannan ne ya sa nake roƙon masu zuwa su yi ciniki da adalci. Ki taya, ya ce albarka, ki ƙara, ya sallama, wannan al'ada ce. Amma ke mai ɗinki ce, kin san zafin a raina aikin hannu. Kada ku taru ku matse dattijo har ya sayar a faɗuwa don ya ga baƙi da yawa.

Fata kuwa, ki juya cikin jakar ki dubi bayanta. Ta gaske tana da gashi-gashi mai laushi da warin jima, ta roba tana da ƙyalle a manne a baya kuma gefenta santsi ne. Ki ja ɗinkin hannun jakar da ƙarfi, nan ne take fara mutuwa. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar nan ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce, don haka kina sayen abin da yake da asali. A Kurmi ku rabu biyar-biyar, ku sa wurin haɗuwa da lokaci, ku riƙe tsabar kuɗi kaɗan saboda ba ko'ina tura kuɗi ta waya yake tafiya ba.

Tsofaffin kayan tarihi kuwa, ki bar su. Yawancin abin da za a ce miki ya shekara ɗari biyu sabo ne aka tsufar da shi, kin yi asara. In kuma na gaske ne, Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana cinikinsa sai ga wanda aka ba izini. Littafin hannu da ya bar gidan malaman da suka gada ya shiga kasuwa, da wuya a sake sanin wa ya rubuta shi da inda ya fito. Sabuwar takobi ko sabon tandu da maƙeri ko baduku ya yi, ya ce miki sabo ne, wannan ki saya da farin ciki.

Tambaya: Malam, mu dafa abinci mu tafi da shi ko mu saya a can?

Amsa: Hajiya, ku raba biyu. Na hanya ku tafi da abin da ba ya lalacewa: dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, cincin, da ruwa fiye da yadda kuke zato. Shinkafar da aka dafa da daddare aka rufe da zafinta a kula, zuwa azahar ta fara sauyawa, kunun aya kuma ba ya jure zafin mota. Na rana ku yi oda tun jiya a wurin mai abinci a garin da za ku, a ba ku da zafinsa. A Kano kada ku dawo ba ku ci gurasa ba. Masu ciwon suga da hawan jini su riƙe maganinsu a jaka, kada a bari yunwa ta kama su. Ku ɗauki tabarmi da butoci, da babban buhu na zuba ledar ruwa, kada ku bar wa wurin tarihi shara.

Tambaya: Malam, ba gara mu bari sai da Salla ba, mu haɗa da kallon hawa?

Amsa: Ɗan'uwa, tafiya biyu ce daban. Hawan Daushe da Hawan Nasarawa abin gani ne, har UNESCO ta sa hawan Kano a jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024. Amma ranar hawa tituna a rufe suke, shatar mota ta yi tsada, masu sana'a suna hutu, kuma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan ana dab da Salla. In gine-gine da sana'o'i kuke son gani, ku zaɓi ranar aiki tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da rana ba ta da zafi. Ku guji Maris zuwa Mayu in da tsofaffi ko yara a cikinku.

Tambaya: Malam, mu tsofaffin malaman makaranta ne da muka yi ritaya a Kano, ƙaraminmu ya haura 60. Katsina ko Daura? Gwiwoyi ba sa son hawa.

Amsa: Baba, ranku ya daɗe, Katsina. Ku da kuka ƙare rayuwarku a aji, akwai wurin da ya kamata ku tsaya a cikinsa: tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 don horar da malamai. Sardauna Ahmadu Bello ya gama a nan a 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1933, duka a matsayin malaman makaranta suka fito. Daga baya aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. Ginin ƙasa ne a shimfiɗe, babu bene, ana adana shi a matsayin wurin tarihi, kuna iya zagawa a hankali ku zauna inda kuka gaji. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta wa zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsayinta wajen mita 15 ne, kuma daga ƙasa ake ganin kyanta, ba sai an hau ba. Garin Ɗan Marina da Ɗan Masani ne, malaman ƙarni na 17, don haka ku nemi mai bayanin da zai haɗa muku karatun zaure da na boko a labari ɗaya. Ƙofofi irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri kuna iya ganinsu daga cikin mota.

A kuɗinku ku fifita mota mai na'urar sanyi da matakala mara tsawo, ko da za ta ci rabin abin da kuka tara, ku sa kujerun roba huɗu ko biyar a bayanta. Ku tsaya a cikin gari, kada wani ya ja ku ƙauyukan yamma, kuma ku kamo hanyar Kano da an yi la'asar. Daura ku ware mata wata fitar ta Kazaure, ta fi kusa, rabin yini ya ishe ku ganin Kusugu da ƙofar fada.